Hancin Autarmu

Mu biyu ne muka karya wa Auta hanci, kuma mu biyun muka yi shekara 19 muna riƙe da maganar a ciki. Ranar wata Alhamis ce da la'asar, babu Islamiyya, Baba ya yi tafiya ya bar kekensa jingine a zaure. Wa da ƙane ne mu, ɗaya yana da shekara 14, ɗaya 12. Babban ya kama kan keke, ƙaramin ya hau kariya, Auta kuma muka ɗora ta a kan sandar gaba saboda ta dame mu da kuka sai an tafi da ita. Shekararta 6 a lokacin. A gangaren bayan firamare birki ya ƙi kamawa, muka zube gaba ɗaya, ita ta kifa fuska a bakin kwalbati. Haɓo ya ɓalle mata har ya jiƙa gaban rigarta. Muka wanke ta a famfon masallaci, muka saya mata alawa, muka haɗa baki da ita cewa daga kan dakalin ƙofar gida ta faɗo.

Umma ta gasa mata wurin da tsumma da ruwan ɗumi, ta shafa man zafi. Bayan kwana goma kumburi ya sace, sai aka ga karan hancin ya ɗan karkata hagu. Aka ce yarinya ce, zai miƙe da girma. Tana girma yana ƙara karkacewa.

Hancin gidanmu dama sananne ne a dangi. Faffaɗa ne, gajere, na Umma, ita ma gadonsa ta yi wajen Inna. Duk jaririn da aka haifa a gidan, idan Inna ta zo wankan jego sai ta ɗumama yatsu biyu a ruwa ta riƙa jan hancinsa tana cewa bari a taimaka masa tun yana ɗanye. Mu shida ta ja wa, babu wanda nasa ya ƙaru da ko ƙwayar gero. Muna yara muna ɗaukar abin wasa. Sai da muka fara karanta littattafan soyayyar da yayyenmu mata ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa muka lura cewa duk yarinyar da za a so a labari, hancinta har baka yake, siriri kamar biro. Mai hanci irin namu, in ta fito a littafi, kishiya ce ko 'yar aiki.

Auta ta sha wahalar da ba mu san girmanta ba sai daga baya. Ƙofar hancinta ta dama kusan a toshe take, don haka da baki take numfashi dare da rana. Kowane hunturu leɓenta ya tsage, maƙogwaronta ya bushe, haɓo ya dawo. Da aka kai ta makarantar kwana, 'yan ɗakinsu suka sa mata suna Janareto saboda minshari, har aka mayar da gadonta bakin ƙofa. Ta gaya mana wannan tana dariya a hutun farko, mu ma muka taya ta dariya, sannan muka kalli juna muka yi shiru. Hausawa na cewa abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. Namu idon ya yi ruwan, amma a ɓoye.

Shekaru suka shuɗe, mu biyun muka faɗa sana'a ɗaya, rubuta manhajar kwamfuta da ta waya. Wani mai shagon ɗaukar hoton biki ya ba mu aikin haɗa masa manhajar da amare za su riƙa gyara hotunansu kafin a wanke musu. Aikin ba shi da wuya. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna dlib da ke duba hoto ta ɗiga ɗigo 68 a fuskar mutum, 9 daga ciki a kan hanci suke. Idan ka matso da ɗigogin gefen hanci zuwa tsakiya, ka ja hoton ya bi su, hanci ya sirance. Muka sa wani ɗan layi da ake ja da yatsa, daga 0 zuwa 100. Mai shagon ya ce kada mu bar shi a 0, mu fara shi daga 30, domin amarya ta buɗe hotonta ta ga ta yi kyau tun kafin ta taɓa komai. Muka ce to, muka rubuta 30, muka karɓi kuɗinmu. Wadda muka fara ba manhajar ta gwada mana a gida ita ce Auta.

Bayan kamar wata takwas ta turo mana hoto a WhatsApp da dare. Fuskarta ce, amma hancin a miƙe, siriri, mai tsini. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, haka nake so a mayar da ni. Na ji ana yi a Turkiyya." Mun san abin da ya tayar da maganar. Dangin wani da ke nemanta sun zo ganinta, wata gwaggonsa ta tambayi Umma, Auta na jin su daga tsakar gida, ko haka aka haife ta, kada abin ya bi 'ya'ya.

Muka kira ta muka fara yi mata bayani irin na masu sana'a. Muka ce kyamarar waya maƙaryaciya ce. A shekarar 2018 wasu likitoci a Jami'ar Rutgers ta Amurka sun auna abin, suka gano cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30, wato tsawon hannun mai ɗaukar kansa idan ya lanƙwasa gwiwar hannu, yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Dalilin kuwa hanci ya fi sauran fuska kusa da gilashin kyamara. In aka ja baya zuwa mita ɗaya da rabi, komai ya koma daidai. Muka ce mata hancin da take ƙi a waya ma ya fi nata na gaske girma, wanda take so kuma mu muka ƙirƙire shi da lissafi.

Ta bari muka gama, sannan ta ce: "Yaya, ku kuka karya shi. Ku kuka siranta min shi a waya. Yanzu kuma ku za ku yi min wa'azi?"

Ba mu da amsa. Washegari muka nemo mata kati a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na wani asibitin koyarwa.

Mu huɗu muka shiga wurin likita, har da Umma. Ya fesa mata magani a hanci, ya zura wata siririyar kyamara, ya juyo mana da allo. Ya nuna mana bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, wanda gabansa guringuntsi ne, bayansa ƙashi. Na Auta ya lanƙwashe kamar marfin gwangwanin da aka taka, har ya jingina da gefen dama. Ya ce mutane da yawa nasu bai miƙe sarai ba kuma suna zaune lafiya, amma wannan ya toshe hanyar iska. Ya ce aikin hanci ya wuce shaƙar ƙanshi: shi ke tace ƙura, ya ɗumama iska, ya jiƙa ta kafin ta isa huhu, shi ya sa mai numfashi da baki ke shan azaba a hunturu. Sai ya ajiye kyamarar ya tambaya yadda aka yi ta ji ciwon, da kuma yaushe.

Auta ta ce daga dakali ta faɗo tana ƙarama. Har a gaban likita tana rufa mana asiri a kan alawar naira biyar. Babbanmu ne ya ce, "Likita, ba dakali ba ne. A keke muka kayar da ita, a bakin kwalbati." Likitan ya rubuta, bai ɗago ba. Ya ce da an kawo ta a cikin makon da abin ya faru, kafin ƙashin ya kama, da an iya miƙar da shi da ɗan ƙaramin aiki. Bayan nan kuwa sai dai a jira mutum ya gama girma a yi tiyata.

A mota muna dawowa babu mai magana har muka wuce shatale-tale biyu. Sai Umma ta ce, "Ai na sani tun ranar. Na ga jini a sandar keken Babanku, ni na goge kafin ya dawo, don kada ya illata ku da duka." Ta juya tana kallon taga. "Abin da ban sani ba shi ne akwai abin da asibiti za su iya yi. Da na sani da na goya ta na kai." Ashe mu uku ne muke ɗauke da kayan, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

A zama na biyu Auta ta miƙa wa likita wayarta da hoton nan. Ya duba sosai, ya ce aiki uku ne a cikin abin da take nema. Na farko gyaran bangon ciki domin ta yi numfashi. Na biyu miƙar da karan hancin da ya karkace, wanda sai an sake tsaga ƙashin an daidaita shi. Waɗannan biyun ana haɗa su a tiyata ɗaya. Na uku shi ne rage faɗin ƙofofin hanci da tsina kansa, wato a yanke fata daga gindin hanci a ɗinke, a sake fasalin guringuntsin sama. Ya ce na ukun shi ba zai yi mata ba. Fatar hancinta mai kauri ce, ba za ta kwanta ta ba da tsinin da ke hoton ba. Yankan gindin hanci yana iya barin tabo. Kuma bai ga hikimar a buɗe hanyar iska daga ciki sannan a zo a matse ta daga waje ba. Ya ce akwai likitocin da za su yi, a nan da ƙasar waje, ba zai hana ta zuwa ba, amma ta sani cewa naman da aka yanke ba ya dawowa, kuma tiyatar hanci tana cikin waɗanda ake yawan komawa gyaran gyara. Ya kuma ja mata kunne a kan masu yi wa mata allurar cika hanci a shagunan kwalliya, ya ce idan ruwan allurar ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fatar wurin, yana iya makantar da mutum.

Daga nan ya nemi abin da ba mu zata ba. Ya ce a kawo masa hotonta na kafin faɗuwar, kuma ya roƙi Umma ta bari ya dubi hancinta ta gaba da ta gefe. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ke ce ma'aunina. Ina son ganin inda hancin nan ya nufa kafin a tare shi a hanya." Umma ta gyara mayafi ta zauna tana jin kunya, Auta na dariya. Hoton da muka samo na wata Sallah ne, tana da shekara 5, ta sha lalle da ɗan kunne, hancin Inna zaune daram a tsakiyar fuskarta.

Kafin a sa rana sai da maganar ta je gaban Kawu, domin Baba ya rasu kuma shi ne babba, ga shi malami. Umma na tsoron kada a shiga canza halittar Ubangiji. Kawu ya ba mu labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya, duk da cewa zinariya haramun ce ga maza. Kawu ya ce Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi, kuma a kansa malamai suka kafa hujjar cewa mayar da abin da ya lalace zuwa yadda yake halal ne. Mu kuma muka karanta masa a waya matsayar da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta cimma a zamanta na Putrajaya a Maleshiya a 2007: ta halatta tiyatar gyara aibin haihuwa ko na haɗari ko na cuta, ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son rai ko kwaikwayon wasu. Kawu ya ce to ai magana ta fito, biyun farko a yi, na ukun a bari.

Auta ta ce, "Kawu, wadda aka haifa da hancin da ake yi mata dariya kullum fa? Ita ba ta faɗo daga keke ba. Nata ciwon ba ciwo ba ne?" Kawu ya daɗe yana jan carbi. Ya ce malamai sun yi magana a kan aibin da ke cutar da mutum a jiki ko a rai, amma hanci irin na Inna ba aibi ba ne, rabin garin nan shi gare su. Ya ce in akwai abin gyara a nan, bakin masu dariyar ne. Auta ta ce shi kuma ba a yi masa tiyata. Kawu ya yi murmushi, bai musa ba.

A makonnin jiran ranar aiki mun raba dare muna karatu a kan abin da za a yi mata, kamar yadda mai laifi ke yi. Mun tarar sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. A Indiya ta dā ana yanke wa mutum hanci a matsayin horo, kuma littafin likitan nan Sushruta ya bayyana yadda ake ɗauko fata daga kunci a gina sabo. A 1794 wata mujalla a Landan ta buga labarin wani Ba'indiye mai tuƙa amalanken shanu da aka gina wa hanci da fatar goshinsa, daga nan likitocin Turai suka ɗauki dabarar. A yaƙin duniya na farko Harold Gillies ya yi ta gyara fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza a Ingila. Rage wa lafiyayyen hanci girma kuwa sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka fara, inda Jacques Joseph ya yi suna a kansa a Balin daga 1898, kuma cikin masu zuwa wurinsa har da Yahudawan da ake tsangwama saboda hancinsu. Wato tun farkon abin, dariyar mutane na cikin abin da ke kai mutum gaban wuƙa.

Mun kuma tarar ba sai an je Indiya ko Turai ba. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ba ta da alaƙa da gona sai kamannin suna. Cuta ce da ke farawa daga dasashin yaron da yunwa ta raunana, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe da hanci. An buɗe asibitin a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki tare da shi tun 2014, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. A can ana gina wa yara hanci daga babu. Ba mu nuna wa Auta hotunan ba, don kada ya zama muna amfani da wahalar wasu mu rufe mata baki. Mu dai mun kalla, kuma washegari da muka buɗe manhajarmu muka ga lambar nan 30, sai muka ji ta yi mana nauyi.

Auta da kanta ta yanke hukunci, kuma ba za mu ce hujjarmu ce ta rinjaye ta ba. Ta lissafa kuɗin jirgi da masauki da na aikin Turkiyya, ta ga ko mun sayar da motar da muke hawa ba za su kai ba. Ta kuma ce ba ta son ta farka daga allurar barci a ƙasar da ba ta jin yarensu, babu Umma a kusa. Muka kwashe abin da muka tara, muka ƙara da bashi, muka biya.

An yi aikin cikin awa biyu da 'yan mintuna. Ta fito da filasta da wata 'yar roba mai tauri a kan karan hanci, da auduga a ƙasa. Kwana biyu ƙasan idonta ya yi baƙi kamar wadda aka yi wa duka. Aka hana ta fyace majina, aka hana ta sa tabarau, aka ce ta riƙa kwanciya da matashi biyu, ta riƙa wanke cikin hancin da ruwan gishirin da aka rubuta mata. Sallah ma da ishara ta yi ta yi na 'yan kwanaki, domin sujada na tara mata jini a fuska. Bayan mako guda aka cire robar. Ta dubi madubi ta fashe da kuka, domin hancin ya kumbura ya fi na dā girma. Likita ya ce ya gaya mata tun farko, kumburin hanci a hankali yake sauka, mai kaurin fata yakan kai shekara ko fiye kafin ya ga ainihin abin da aka yi masa. Watannin nan ba su yi mana daɗi ba. Akwai makon da ta daina amsa kiranmu.

A wata na biyu Umma ta kira mu da asuba. Muka tsorata. Ta ce ba komai, ta tashi ne cikin dare ba ta ji minsharin Auta ba, gabanta ya faɗi, ta je ta haska ta da tocila. Ta tarar tana barci bakinta a rufe. Ta ce ta tsaya a kanta ta fi minti goma tana kallo.

Mun mayar da layin nan na manhaja zuwa 0. Mai shagon ya kira ya ce amare na ƙorafin hoton bai yi kyau ba, ko mu mayar ko ya nemi wasu. Muka daidaita a kan cewa layin zai zauna, mai so ta ja da yatsanta, amma hoton farko da za ta gani nata ne. Bai ji daɗi ba, kuma bai sake ba mu wani aiki ba. Mun san wannan bai gyara komai a duniya ba, domin wayar kowace amarya na da irin wannan layin guda goma da wasu suka rubuta. Instagram ma ta taɓa sanar da cire filtocin da ke kwaikwayon tiyatar kwalliya a 2019, ga shi har yau mutane na siranta hanci a waya.

Maganar auren nan ba ta yiwu ba, saboda wasu dalilan da ba na hanci ba. Auta na koyarwa a wata firamare yanzu. Hancinta ya miƙe, faffaɗa ne, gajere, duk wanda ya gan su da Umma ya san 'ya da uwa ne. Har yanzu takan ja layin zuwa 20 idan za ta sa hoto a sitatus, kuma takan ce in Allah ya hore mata ba ta cire rai da Turkiyya ba. Mun daina yi mata gardama a kan wannan. Ranar da aka yi ruwan farko na bana ta kira mu daga tsakar gida, ta ce ashe haka ƙanshin ƙasa yake da ƙarfi, ita duk tsawon shekarun nan tana zaton mutane ƙari suke yi. Sannan ta ce har yanzu tana bin mu bashi, domin alawar da muka saya mata ranar guda ɗaya ce, kuma ƙaraminmu ya gutsiri rabi.